Rubutun da Na Ba Haliru

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Arzika na Kashin Zama zuwa ga ɗana na fari, mai sunan aminina, wanda bakina bai saba kiransa komai ba sai Aboki.

Assalamu alaikum, Aboki. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Allah ya sa wagga takarda ta same ka lafiya, ya sauke ku Legas lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da gyangyaɗin direba. Na ce innarka ta cusa takardar ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunka zai fara zuwa. A lissafina kafin ku wuce Maiyama ka gano ta. In kuwa tun a Jega ka gano ta, to ka ji kunya, guzurin kwana biyu ne. Ka yi haƙuri da rubutun. Bokona na bakin buhu ne, wajen rubuta suna a buhun albasa na koye shi, malam bai taɓa duba mini ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yau ka baro shi. Magana ɗaya ce na kasa faɗa maka ido da ido.

Za ka zauna hannun Alhaji Haliru, mai sunanka, ya koya maka cinikin albasa a can. Ka sha tambayata mi ya sa in ya zo gida sallah muke gaisawa, mu zauna tabarma ɗaya, amma in na miƙa masa goro sai ya ce ya ƙoshi. Na ce maka haƙori ke damunsa. Ƙarya na yi maka, haƙoransa sun fi nawa ƙwari. Shekara goma sha takwas ke nan Haliru bai karɓi komai daga hannuna ba, ko ruwa, ko goro, ko dabinon buɗa baki. Ni na jawo. Kuma halin da ya jawo mini, kai ka kwashe shi duka, ko ƙyalli ba ka rage wa ƙannenka ba. Shi ya sa nake jin tsoro.

Makon jiya ka yanka farin sabulu, ka naɗe shi a takardar alewa, ka ba ƙanwarka Ummi. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba, yankan ya yi kyau, ko ni da sai na tauna. Amma da marece ka dawo mata da alewar gaskiya don ku shirya, sai ta mai da hannuwanta baya ta tsaya tana kallon naka. Kai ba ka lura ba, ka jefa alewar a bakinka ka wuce. Ni na lura. Na zagaya bayan rudun da muke ajiyar albasa na zauna, don na san wanga mai da hannu baya, na san tsawon da yake iya yi.

Ni da Haliru tare munka yi karatun allo wajen Malam a Birnin Malam. Shi mai karatu ne, ni mai shegantaka. Na iya tarin Malam fiye da Malam kansa. In yara sunka yi lakwas da rana, sai in laɓe bayan zana in yi gyaran murya irin nasa, makaranta duka ta ɗau karatu da ƙarfi, har wanda ya riƙe allonsa a juye. Na taɓa ƙulle gefen rigar mutum biyu suna tahiya. Duk abin da na yi, Haliru ne farkon dariya, yana rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. In bulala ta zo kuma tare muke sha, don Malam ya ce mai dariya da mai yi duk ɗaya ne. Bai taɓa tona ni ba.

Kuskurena na farko ke nan, tun ban san kuskure ne ba. Na ɗauka duk wanda ya yi dariyar wasana ya ba ni izinin yi masa kowane iri. Ba haka ba ne, Aboki. Wanda ya fi kowa jin daɗin wasanka shi ne ya buɗe maka ƙofarsa bai sa sakata ba. Shi ya fi cancanta ka yi sallama kafin ka shiga.

Da munka girma munka shiga albasa. Shi ya zauna Legas yana karɓar kaya, ni ina lodi a Aliero in bi mota. Ya riga ni aure, amma shekara shida shi da matarsa Saratu ko ɓari. Ni kuwa ban cika shekara ba innarka ta haife ka. Ranar suna na raɗa wa liman sunan Haliru. Da aka faɗi sunan, ya zo ya ɗauke ka, ya daɗe yana kallonka, ya ce, "Ka ba ni shi, Arzika?"

Na ce, "Na ba ka. Kashi da fitsari dai na innarsa ne, in ya fara noma ka zo ka ɗauka."

Ya rufe baki ya yi dariyarsa, amma idonsa ya cika.

Kana da wata bakwai ya aiko mini saƙo, in zan taho da kaya in biya wajen Malam in karɓo masa rubutun sha, na neman haihuwa. Na je. Malam ya kwana uku yana rubutawa yana wankewa, ya tace a gorar roba, ya ce mini, "Ya sha da bisimilla, ya shafe jikinsa da saura, ya roƙi abin da yake so. Kai kuma, sarkin wasa, amana ce." Na ce to, na sa a jaka.

Munka isa Legas, anka sauke kaya. Sau biyu Haliru ya tambaye ni, "Ina saƙon Malam?" Sau biyu na ce sai ya saya mini kifi tukuna. Ka ji irin halin.

Akwai wani mai sayen albasarmu, Oga Sande, yana kai wa manyan otal kayan miya. Kirista ne, mutumin kirki, Hausarsa ta kasuwa ce. Ranar ya ce kayanmu sun yi kyau, zai kai mu cin kifi. Haliru ya ce mu yi gaba, in ya sallaci isha'i a masallacin kasuwa zai same mu. Munka tafi ni da Altine direbanmu. Wuri ne a bakin ruwa, kujerun roba, fitilu marasa haske sosai, ana gasa kifi kusa da mu. Sande ya sa anka kawo mana lemo mai sanyi, ni da Altine. Shi kuma ya zaro wata kwalba daga jakarsa kamar mai fito da jariri, ya tsiyaya ɗan kaɗan a ƙaramin kofin gilas, abin da bai kai kurɓi biyu ba. Ya ɗiga masa ruwa. Ya kai hanci ya rufe ido, ya daɗe haka.

Na ce, "Oga, sha ake yi ko shaƙa?"

Ya ce, "Wannan wiski ne, amma ba irin na bakin titi. Maigidana ya kawo daga Sikotlan. Gida ɗaya ke yi, ba a gauraya da na wani. Shekara goma sha biyu yana cikin gangar itace."

Na ce, "Shekara goma sha biyu? Ai ya kusa sauke Alƙur'ani."

Ya yi dariya, ya ci gaba da bayani. Wai da sha'ir ake yi, a jiƙa shi ya tsiro kamar za a yi kunun zaƙi, sannan a busar da shi da hayaƙi. Hayaƙin kuma ba na itace ba ne. Wai wata baƙar ƙasa ce ta fadamarsu, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta shekara da shekaru, su yanko ta kamar tubali, ta bushe, su ƙona.

Na ce, "Mutanen da sunka rasa itace har sunka koma ƙona ƙasa, su ne za su koya wa duniya daɗi?"

Ya janye kwalbar gefensa, ya ce, "Ba naka ba ne, Malam. Sha lemonka."

Altine ya ce, "Bar shi, Oga. Wanga ko ƙamshin ya ji sai an kwashe shi a baro."

Ka ji duk abin da ya faru. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya roƙe ni. Mai kwalbar ma hana ni ya yi. "Ba naka ba ne" da "sai an kwashe shi" su sunka kai hannuna ga kofin. Na saba ni ke sa a yi dariya, ban saba a yi da ni ba. Na ɗauka na kurɓa.

Kuskure na biyu ke nan. Za ka ji ana ce maka ka guji abokan da ke tura mutum ga ɓarna, kuma gaskiya ne. Amma irinmu ba turi ke kayar da mu ba, ko an tura mu sai mu mai da shi wasa mu zame. Abin da ke kayar da mu shi ne a ce ba mu iyawa. In wani ya ce maka, "Kai ɗan ƙauye, ba ka iya wannan," ka ce masa, "Wallahi ka gane ni," ka sha lemonka. Dariyar da za a yi maka ba ta kai safiya.

Ba zan ce maka ɗaci kawai na ji ba, don in wata rana wani ya gaya maka saɓanin haka, sai ka ce ubanka maƙaryaci ne. Farko wuta na ji, daga harshe har ƙirji. Da ta lafa sai hayaƙi ya taso, irin na kara da kashin shanu in an ƙona su a fadama bayan yayyafi. Akwai warin ɗakin shan magani a ciki, akwai gishiri-gishiri. Can ƙarshe wani zaƙi ya leƙo, kamar zuma ce a gidan maƙwabta. Abin yana da kira, shi ya sa nake gaya maka. Haramun ba kullum take zuwa da wari ba. Na yi istigfari a kan kurɓin nan, ban kuma sake ba har yau, kuma da a nan abin ya tsaya da tsakanina da Ubangijina ne.

Amma hayaƙin ya zauna mini a maƙogwaro, ina ta tunanin inda na san shi. Sai na gane. Tawada ce. Ka san tawadarmu ta gawayi da ƙaro, ka san yadda wankin allo yake barin hayaƙi-hayaƙi a baki. Na buga tebur na ce, "Altine, wallahi rubutu ne. Turawa rubutu suke sha ba su sani ba."

Ina rufe baki na hango Haliru tafe, da tasbaha a hannu, yana neman teburinmu.

Sande ya tashi zuwa wajen mai gashi ya ga ko kifi ya yi. Ban yi tunani ba, Aboki. Da ma a ce na yi tunani na zaɓi mugunta, da na san abin da zan tuba a kai. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Na tsiyaya a kofin roba, na ƙara ruwa, na ƙyafta wa Altine ido. Haliru na isowa na miƙe na riƙe kofin da hannu biyu, na ce, "Ga saƙon Malam. Na yafe kifin."

Fuskarsa ta yi haske. Bai tambayi ina gorar take ba, bai shinshina ba. Mi zai sa ya shinshina? Daga hannuna ne. Ya tuɓe takalmi a wurin nan mai ƙarnin kifi, ya tambayi ina gabas, ya tsuguna. Ya yi bisimilla. Ya sha kurɓi uku yadda anka koya mana. Ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kai, wanga da zafi. Malam ya ƙara citta ne?"

Na ce, "Da masoro. Ya ce naka sai mai ƙarfi."

Ya gyaɗa kai. Ya zuba sauran a tafin hannu, ya shafe fuska, ya tura hannu cikin riga ya shafe ƙirji. Sannan ya rufe ido ya ɗaga hannu, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe. Na san abin da yake roƙo, ni na ɗauko saƙon.

Altine ya kasa riƙewa, ya fashe. Ni ma na bi shi, har ina riƙe ciki. Sande ya dawo da farantin kifi, ya dubi kofin, ya dubi kwalbarsa, ya dubi Haliru a tsugune. Ya aje farantin. Ya ce, "Arzika, me ka ba shi?" Da ya gane, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Ni ina sha, kowa ya sani. Amma ban taɓa ba mutum abin da bai sani ba. Wannan ba wasa."

Haliru ya shafa addu'arsa ya miƙe. Ya ce, "Mi na sha?"

Na gaya masa, da sauran dariya a bakina. Ina jira ya rufe baki, kafaɗunsa su yi rawa, ya ce Allah ya shirye ka, kamar kullum.

Ya je bakin famfo ya kurkure baki, ya sake, ya sake. Ya wanke fuska. Ya tuɓe riga a gaban mutane, shi da ko a rafi ba ya tuɓewa, ya wanke ƙirji, ya wanke rigar, ya mai da ta a jiƙe. Ya dawo ya sa takalminsa. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Ya ce, "Giyar ba ta dame ni ba, Arzika. Ban sani ba, kuma Allah ya san ban sani ba. Amma na roƙe shi ɗa da ita a bakina."

Ya yi wa Sande godiya, ya ce mana sai da safe, ya tafi. Kifin nan ba wanda ya taɓa shi.

Wanga shi ne babban, kuma saboda shi na zauna rubutu. Ban ce ka bar wasa ba. Ko na ce ba ka iyawa, kamar in ce ka bar tsawo ne. Amma abu biyu ka cire daga cikin wasanka har ka mutu: abin da mutum zai sa a bakinsa don ya yarda da kai, da abin da yake kai wa Allah kuka a kansa. Ni na haɗa su biyun a kofi ɗaya. Kafin ka yi kowace shegantaka ka tambayi kanka, in abin ya tonu da wa za a yi dariya, kuma shi zai iya shiga cikin masu yi? In ba zai iya ba, ba wasa ba ne, ko da duk kasuwa ta faɗi ƙasa don dariya.

Da safe na ƙara wani kuskuren a kai. Na ɗauki gorar Malam ta gaskiya na same shi a rumfa. Maimakon in durƙusa, sai na kaɗa gorar na ce, "To ga na ainihi, wanga ba hayaƙin Turawa a ciki." Da murmushi na faɗa. Ya dubi gorar, ya dubi hannuna, ya mai da nasa baya. Ya ce, "Na ƙoshi."

Ranar na fara jin kalmar.

Na komo da gorar cikin mota. Rubutu ne, ayoyi ne, ba a zubarwa a ƙasa, kuma ba ni da idon mai da wa Malam. Tsakanin Kwantagora da Yawuri na yi bisimilla na shanye shi. To ga ku nan ku bakwai, har innarka na cewa in na ƙara kusantar gorar wani za ta koma Kuberi gidan ubanta. Haliru kuwa har yau shiru. Na san Allah ke bayarwa, ba gora ba. Na tambayi malamai, duk haka sunka ce, ni ma in wani ya tambaye ni haka zan ce. Amma zuciya ba ta yi karatu ba. Duk sunan da anka yi a gidanmu bayan naka, naman ragon da ƙyar yake wuce mini.

Bai yanke hulɗa da ni ba, ka gani da idonka. Bai gaya wa kowa ba, ko Saratu ban tabbata ta sani ba. Mun ci gaba da ciniki, bai taɓa cutata ba. Ni kuma na shiga ba shi haƙuri irin na wawaye. In na cire albasa, zaɓaɓɓiyar tasa ce. In ya zo sallah, cinyar layyata gidansa take zuwa. In na aika ta hannun wani, ya karɓa ya aiko da godiya. Daga hannuna ne dai a'a. Kowace shekara in miƙa goro da wata sabuwar barkwanci, kowace shekara ya ce ya ƙoshi.

Sai da anka shekara goma na gaya wa innarka. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ka ba shi haƙuri?"

Na ce, "Ai ya sani."

Ta ce, "Ya san kana kai masa albasa."

Ka san innarka, magana ɗaya take yi ta koma ga aikinta. Gaskiya ta faɗa, amma sai da na ƙara shekara takwas ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne ban san yadda ake magana ba tare da wasa a gindinta ba. In na buɗe baki zan faɗi abu mai nauyi, sai fuskata ta yi murmushi da kanta, kamar kare mai kaɗa wutsiya. To ka ji, Aboki. In ka yi wa mutum laifi, ka je a ranar, hannu wofi, fuska wofi, ka kira laifin da sunansa. Kyauta ba ta magana. Kuma kowace rana ka ƙara, kalmar ƙara nauyi take yi, har ta kai ba ka iya ɗaga ta.

Sallar layyar da ta wuce na je gidansu bayan la'asar. Ban riƙe goro ba, ban shirya barkwanci ba. Na same shi shi kaɗai a zaure, na zauna ƙasa, ba kan tabarmar ba. Na ce, "Haliru, Malam ya ba ni amana na ci. Ka yarda da hannuna na ba ka giya na ce rubutu ne. Na yi dariya kana addu'a. Ka yafe mini." Leɓena ya fara abin nasa, na cije shi har na ji gishirin jini.

Ya daɗe yana jan zaren bakin tabarma. Sannan ya ce, "Na daɗe da yafewa, Arzika. Tun kafin ku kai gida a waccan tafiya. Hannun ne ya ƙi. In na ce ya miƙa, sai in ji hayaƙin nan a maƙogwaro."

Na ce, "To."

Can ya ce, "Takwarana ya gama makaranta?"

Na ce ya gama, yana nan yana addabar gari.

Ya ce, "Ka ce in ya fara noma in zo in ɗauka. Ya fara?"

Na gyaɗa kai. Ya ce, "Kawo shi."

Sauran ka sani, ko da yake ba ka san mi kake gani ba. Na aika anka kira ka daga wajen ƙwallo, ka zo da ƙura har gwiwa. Na kama hannunka na miƙa masa. Ya dube shi, ya dubi nawa da ke riƙe da shi. Sannan ya miƙo nasa ya karɓa. A hanyar gida ka ce mini, "Baba, zazzaɓi kake yi?" Na ce maka naman sallah ne ya yi mini yawa.

Kai ne abu na farko da Haliru ya karɓa daga hannuna cikin shekara goma sha takwas. Na ce masa kai yaron kirki ne, bai shinshina ba. Ina roƙonka don Allah, abin da na ce masa yana cikin kofin, ya zama shi ne a ciki.

Ka sa shi dariya, yana so, kuma na ji an ce ya rage yi. Ka yi masa tarin limamin Kashin Zama, ka iya shi. Ka ba shi labarin ranar da jaki ya kayar da ni cikin rijiyar ban ruwa, ka ƙara gishiri yadda kake so, na yafe. In za ka yi wasa da wani, fara da kanka, sannan ubanka, mu biyu mun isa a yi shekara ana dariya. In ka ga ya rufe baki kafaɗunsa na rawa, ka kalla da kyau ka zo ka ba ni labari, na yi kewar ganin haka. Saratu kuma innarka ce, ka ci tuwonta ka nemi ƙari ko da ka ƙoshi, ka bar ta ta yi maka faɗa in ka yi dare. A rumfa, in ka ce wa mai saye buhu lafiyayye ne, ya zama lafiyayye har gindi, kada ka jera manya a baki ka ɓoye masu ruwa a ƙasa. In Oga Sande na nan da rai ka gaishe shi da girmamawa, ya fi ubanka hankali a ranar da ake bukatarsa. In ya kai ka cin kifi ka je, ka sha lemonka.

Kuma ka kira Ummi in kun sauka. Ka ce mata sabulu ne, kai ka yi, ba ka kyauta ba. Kada ka yi dariya. Shekararta shida, nata hannun bai riga ya bushe ba.

A aljihun jakarka na gefe akwai farin goro guda ɗaya, naɗe cikin ganye, na yayyafa masa ruwa. Ba naka ba ne, kada ka kuskura. In kun huta kun ci abinci, ka miƙa masa da hannu biyu ka ce, "Daga Arzika, ya ce daga hannunsa ne, nawa aro ne." Ka kame fuskarka, don murmushinka irin nawa ne. In ya karɓa ya ɓare, ka buga mini waya ka ce, "Baba, an ci," kada ka ƙara komai, zan gane. In kuma ya ce ya ƙoshi, kada ka matsa masa, kada ranka ya ɓaci. Ka naɗe ka aje. Ya riga ya karɓi wanda ya fi goro.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙe sallah a kan lokaci, ni ma na ce. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da abin kunya. Allah ya sa hannunka ya zama wanda ake karɓa daga gare shi ido rufe. Allah ya faranta wa mai sunanka da kai, ya dawo mana da ku gida lafiya, ku biyu. Amin.

Wassalam.

Ubanka,
Arzika